Modem Ɗin Layin Tarho Ya Ƙi Kwamfutarka? Ga Yadda Ake Gano Bakin Zaren

Mafi yawan modem ɗin da aka taɓa kawo mini da sunan sun mutu, da ransu na same su. Mutum ya soka kati a kwamfuta, ya kunna, Windows ta ɗora masa alamar tambaya ruwan ɗorawa ta yi shiru. Ko kuma ta karɓe shi hannu bibbiyu, amma da an ce ya buga lamba sai ya ɗan yi jim ya jefo lambar kuskure 680, wato bai ji sautin layi ba. Mai shi ya zare, ya koma kasuwa a canza masa wani, sabon ma ya maimaita abin da na farkon ya yi.

Dalili kuwa, modem ɗin layin tarho ba ya aiki sai ya shirya da abubuwa huɗu: ramin da aka soka shi a jikin kwamfuta, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, layin da aka jona masa, da kuma ɗan'uwansa modem da zai ɗaga kiran a can ɗaya gefen. Kowanne da irin gardamarsa, kuma alamominsu na kama da juna. Shi ya sa nake bin su ɗaya bayan ɗaya, daga cikin akwati zuwa waje, ba na taɓa na gaba sai na baya ya amsa. Wanda ya tsallake, shi ne zai yini yana sauya direba, wato manhajar da ke haɗa modem da Windows, alhali igiyar tarho ce ba daidai ba.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ka tabbatar kana da inda za ka kira. Tun da GSM ta shigo Najeriya a 2001 layukan girke na NITEL suka yi ta ja baya, masu sayar da intanet ta lambar tarho suka koma wasu hanyoyi. Ko a Amurka, kamfanin intanet na AOL ya rufe nasa a ƙarshen Satumban 2025. Masu buƙatar wannan aiki a yau su ne masu aika faks, masu tsofaffin na'urorin da sai ta modem ake shiga cikinsu, masu haɗa kwamfuta biyu ta layi, da masu raya tsofaffin kwamfutoci don sha'awa. In kana cikinsu, ka rubuta lambar da za ka kira, da sunan shiga da kalmar sirri, ka kuma samo tarho mai igiya, irin wanda ba ya buƙatar wutar lantarki. Za mu neme shi a gaba.

Fara sanin abin da ke hannunka

Cikakken modem ƙaramar kwamfuta ce mai cin gashin kanta. Yana da ɓangaren da ke fahimtar umarni, da wanda ke mayar da bayanai sauti ya kuma mayar da sauti bayanai, da wanda ke haɗuwa da layi. Irin wannan ba ya neman komai wurin kwamfuta face kafar da za a yi magana da shi. Duk modem ɗin waje mai jonuwa da kafar siriyal haka yake, haka ma yawancin tsofaffin katunan ISA. Shi ya sa za ka ɗauko wanda aka ƙera a 1997 ka jona wa kwamfutar yau, ya amsa.

Daga tsakiyar shekarun 1990 masu ƙira suka gano hanyar rage farashi: a cire ɓangare ɗaya ko biyu daga kan kati, a bar wa firosesar kwamfuta ta yi aikinsu ta hanyar manhaja. Shi ake kira Winmodem ko softmodem. Wasu ɓangaren umarni kaɗai aka cire musu, kamar Lucent LT da Conexant HCF. Wasu kuwa an kwashe duka biyun, kamar Conexant HSF, PCTel HSP, Motorola SM56 da Smart Link. Kusan duk katin PCI mai araha, da wanda ya zo cikin tsofaffin laftof, 'yan wannan gida ne. A wurinsu direba shi ne rabin modem ɗin. In babu direban da aka rubuta wa IC ɗin katin, wato ƙwaƙwalwar lantarkin da ke kansa, kuma don irin Windows ɗin da ke gabanka, to abin da ke hannunka guntun allo ne kawai mai ramin tarho. Kuma tunda firosesa ce ke ɗaukar nauyin, tsohuwar firosesa irin 486 ba za ta iya da yawancinsu ba.

Saboda haka ka juya katin ka karanta rubutun da ke kan babban IC ɗin, ka kwafe shi a takarda kafin ka rufe akwati. Kamfanoni barkatai ne suka riƙa sayen IC iri ɗaya suna liƙa sunansu a kwali, wani lokacin ma kwali ɗaya, suna ɗaya, amma IC ɗin ciki daban. Faifan da mai shago ya haɗo maka da shi, musamman a kayan gwanjo, kada ka ɗauka nasa ne sai ka gwada. Ka kuma san sunaye sun sauya: sashen IC na Rockwell ya zama Conexant a 1999, na Lucent ya koma Agere, Agere kuma ta shige cikin LSI a 2007. Katin da ke ɗauke da sunan Lucent, direbansa na baya-bayan nan yana iya zuwa da sunan LSI.

Na USB kashi biyu ne. Akwai cikakku irin USRobotics 5637, waɗanda Windows da Linux ke ganewa ba tare da wahala ba, akwai kuma Winmodem ɗin da aka sa wa rigar roba. Ni dai in an ba ni zaɓi, na waje mai kafar siriyal nake ɗauka, sai cikakken na USB. Rabin matsalolin da ke ƙasa ba su shafe su ba.

Rami, igiya da wuta

Kashe kwamfuta, zare igiyar wuta daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa kati. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, wutar da jiki ke tarawa ta isa ta lalata IC ba tare da ka ji komai ba.

Dubi ramukan da ke kan madabod. ISA baƙi ne dogo, ya ɓace daga sababbin kwamfutoci tun farkon shekarun 2000. PCI yawanci fari ne, ya fi shi gajarta. PCI Express kuma wani abu ne daban, sunan ne kawai ya yi kama, katin PCI ba ya shigarsa. Akwai wani ɗan gajeren rami, sau da yawa ruwan ƙasa, mai suna AMR ko CNR. Katinsa ya dogara ne da IC ɗin madabod ɗin, don haka wanda ya yi aiki a wannan kwamfuta ba lalle ya yi a waccan ba. A cikin PCI ɗin ma akwai bambanci: tsagar da ke bakin katin, in tana nesa da ƙarfen baya, katin na bolt 5 ne, in tana kusa, na 3.3 ne, mai tsaga biyu yana shiga ko'ina. In kati ya ƙi zama, kada ka danna da ƙarfi, ba raminsa ba ne.

Goge haƙoran zinaren da kilinar fensir, hure ƙurar ramin, ka zaunar da katin sosai har ƙarfensa ya kwanta, sannan ka ɗaure noti. A tsofaffin madabod ka guji ramin PCI da ke maƙwabtaka da na AGP, domin sau da yawa suna raba IRQ ɗaya, wato lambar da na'ura ke jawo hankalin firosesa da ita, da katin hoto. Sauya rami kaɗai ya sha warware mini abin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Mai modem ɗin waje, naka binciken uku ne. Na farko adafta. Wanda ya fito daga Amurka adaftarsa ta bolt 120 ce, wutarmu kuwa 230, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone ta. In za ka nemo wata, karanta rubutun ƙasan modem ɗin da kyau: da yawansu AC suke ci, ba DC ba, kuma adaftar DC ko da bakinta ya shiga tana iya kunna fitilu modem ɗin bai yi aiki ba. Na biyu igiyar siriyal. Akwai miƙaƙƙiya, wadda modem ke so, akwai kuma null modem, wadda aka harɗe wayoyinta don haɗa kwamfuta da kwamfuta. A ido kusan ɗaya suke. In fitilar modem na ci amma ko kaɗan ba ya amsa umarni, fara zargin igiya. Na uku kafar kanta: shiga BIOS, shafin saitin madabod da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, ka duba ko an kashe Serial Port. A kwamfutocin da suka tsufa ƙwarai kuma, in IC ɗin kafar 8250 ne ko 16450 maimakon 16550A, zai riƙa zubar da haruffa da zarar gudu ya yi yawa. Kwamfutar da ba ta da kafar siriyal gaba ɗaya, igiyar USB zuwa siriyal tana wadatarwa, sai dai ita ma tana da nata direban, shi za ka fara ɗorawa.

Rigimar COM da IRQ

Wannan ya fi shafar masu katin ISA a kan DOS, Windows 95 ko 98. Kafofin COM, wato sunan da kwamfuta ke kiran kafofin siriyal da shi, na gado huɗu ne, amma IRQ biyu suke rabawa. COM1 yana adireshin 3F8 da IRQ 4, COM2 yana 2F8 da IRQ 3, COM3 yana 3E8 da IRQ 4, COM4 yana 2E8 da IRQ 3. Ka ga ke nan COM1 da COM3 kishiyoyi ne a ɗaki ɗaya, haka COM2 da COM4. A kan ISA ba sa iya aiki lokaci guda. Alamar da ta fi shahara: maus ɗin siriyal yana COM1, an sa modem a COM3, da modem ya fara kira sai maus ya daskare, ko kuma modem ya ƙi motsi sai ana jujjuya maus.

Mafita mafi tsafta ita ce ka kashe kafar siriyal ta biyu a BIOS, ka saita 'yan hulunan roban da ke kan katin, waɗanda ake kira jumper, zuwa COM2 da IRQ 3. Jadawalinsu galibi a buge yake a jikin katin. In dole sai COM3, ka ba shi wani IRQ ɗin da babu kowa a kai. Mutane kan zaɓi 5, amma duba tukuna, katin sauti ya saba zama a nan. Bayan haka ka koma BIOS, a shafin PnP/PCI, ka ware wannan IRQ ɗin a matsayin Legacy ISA don kada a ba wa wani katin. In Windows ta nuna Code 12, ma'anarsa ke nan: babu sauran gurbin da za ta ba shi. Kashe kafar da ba ka amfani da ita, wuri zai samu.

Katin PCI ba shi da jumper, Windows ce ke laƙaba masa lamba, sau da yawa COM3 ko sama. Matsalar da ke biyo baya ita ce tsofaffin manhajojin faks da na DOS ba su san abin da ya wuce COM4 ba. A Windows XP zuwa sama kana iya sauya lambar a Advanced Port Settings cikin bayanan modem ɗin. Amma Winmodem a kan tsantsar DOS, galibi babu wani saiti da zai sa ya yi magana.

Direba, inda aka fi ɓata lokaci

Kunna kwamfuta. In Windows ta fito da akwatin neman direba kuma ba ka tabbatar da wanda ke hannunka ba, danna Cancel. Direban da ba daidai ba ya fi rashin direba wahalar gyara, domin yakan bar saura. Buɗe Device Manager, ta hanyar rubuta devmgmt.msc a Run. Modem marar direba yakan bayyana da sunan PCI Simple Communications Controller, ko PCI Modem, ko PCI Communication Device, da Code 28.

A nan akwai tarko. A kwamfutocin Intel na baya-bayan nan, wani ɓangare na madabod mai suna Management Engine shi ma da wannan suna na farko yake fitowa in ba shi da direba. Na ga wanda ya kwana yana cusa masa direban modem. Gwajin mai sauƙi ne: zare katin ka kunna, in sunan yana nan, ba modem ba ne.

Buɗe Properties, shiga Details, zaɓi Hardware Ids. Za ka ga rubutu mai kama da PCI\VEN_14F1&DEV sai lambobi huɗu. Wannan shi ne sunan yanka na katin, wanda kwali ba ya iya ɓoyewa. VEN yana nuna maƙerin IC, DEV yana nuna samfurin. 14F1 Conexant ne, 127A Rockwell, 11C1 Lucent ko Agere, 134D PCTel, 1057 Motorola, 125D ESS, 12B9 USRobotics, 8086 Intel. A USB za ka ga VID da PID a maimakonsu, 0572 Conexant ne, 0BAF USRobotics. Da waɗannan lambobin za ka nemi direba. In ka samo shi, kafin ka ɗora, buɗe fayil ɗin da ya ƙare da .inf a Notepad ka nemi VEN da DEV ɗinka a ciki. In babu su, ba naka ba ne, komai kamar sunan.

Sai kuma dacewa da Windows ɗin kanta. Direban Windows 95 da 98 irin na VxD ba ya aiki a 2000 ko XP. Na 32-bit ba ya aiki a 64-bit, kuma babu dabarar da za ta sa ya yi. Tun daga Vista, Windows 64-bit ba ta karɓar direban da ba shi da sa hannun lantarki, a Windows 7 zuwa sama za ta nuna maka Code 52. Winmodem da yawa masu su sun daina rubuta musu direba kafin zamanin 64-bit ya zo. In ka bincika ka tarar naka yana cikinsu, kada ka wahalar da kanka: ko ka sa Windows 32-bit, ko ka sauya modem. A XP kuwa, gargaɗin da ke cewa direba bai ci jarrabawar Windows Logo ba, ba hani ba ne, danna Continue Anyway.

In an riga an ɗora wanda ba daidai ba, ko kana ganin Code 10, ka share komai ka fara daga tushe. Cire manhajar modem daga Add or Remove Programs in tana can. Cire modem ɗin daga Device Manager, da duk wani tsohon modem da ya rage a jerin, domin suna riƙe da lambobin COM. A Windows 98 ka leƙa C:\Windows\INF\Other ka goge fayil ɗin tsohon direban, in ba haka ba da ka kunna za ta sake ɗauko shi da kanta. Sannan ka kashe ka kunna, ka nuna mata babban fayil ɗin sabon direba da hannunka. Wasu na USB suna so a fara ɗora manhaja kafin a jona su, karanta takardarsu.

Cikakken modem na waje, ko babu faifansa, kana iya zaɓar masa Standard 56000 bps Modem daga jerin Windows, zai yi kira. Kada ka yi wa Winmodem haka. Windows za ta ce komai lafiya, alhali babu wanda ke bayan ƙofar.

Yi magana da shi baki da baki

Rashin alamar ruwan ɗorawa ba shaida ba ce. Rubuta telephon.cpl a Run, shiga Modems, Properties, Diagnostics, danna Query Modem. A Windows 98 maɓallin More Info ne. In jerin amsoshi ya fito, modem da kwamfuta sun shirya.

Ni na fi son in ji da kaina. Buɗe HyperTerminal, wanda ke zuwa da Windows har zuwa XP, ko PuTTY a waɗanda suka biyo baya, ka zaɓi kafar COM ɗin modem kai tsaye. Rubuta AT ka danna Enter. Ya kamata ya ce OK. Wannan harshen umarni tun daga Hayes Smartmodem na 1981 ya samo asali, kuma kusan kowane modem yana jin sa. ATI3 kan faɗa maka sunansa ko lambar manhajarsa, AT&F ya mayar da shi saitin masana'anta. In ba ka ga abin da kake rubutawa ba, ATE1 zai nuna shi.

In babu OK, ka koma baya, matsalar tana rami, igiya, IRQ ko direba, kuma taɓa layin tarho ɓata lokaci ne. Kurakurai 630, 692 da 797 nan suke nuni. Shi kuwa 633 cewa yake wani ya riga ka kama kafar, galibi manhajar faks mai jiran kira, ko ta haɗa wayar hannu da kwamfuta, ko HyperTerminal ɗin da ka manta a buɗe.

Layin tarho

Yanzu ɗauko tarhon nan mai igiya. Jona shi a ramin bango da igiyar da za ka ba modem, ka saurara. Akwai sautin layi? Buga lamba ɗaya, ka saurari shirun da ya biyo baya. In kana jin ƙarar soya, ko gunji, ko muryar wasu daga nesa, modem zai sha wahala komai kyawunsa. Buga lambar da za ka kira ɗin gaba ɗaya: in ka ji kukan modem, lambar tana raye.

A bayan modem ramuka biyu ne, LINE ko WALL, da PHONE. Igiyar bango LINE take shiga. Ƙaramin abu ne, amma shi ne kan gaba wajen haifar da 680. Na biyunsa igiya. Modem yana amfani da wayoyi biyun tsakiya na filogin RJ-11, amma wasu igiyoyin da ke zuwa da tarhon Ingila a kan wayoyin gefe suke ɗauko layin. Igiyar tana aiki a tarhonta, ta ƙi a modem. Tunda kayan gwanjonmu daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa a buhu ɗaya, ka gwada wata igiyar kafin komai.

A HyperTerminal ko PuTTY ɗin da ka buɗe, rubuta ATM2, sannan ATH1. Modem zai ɗaga layi, ya kamata ka ji sautin ta lasifikarsa. ATH0 ya ajiye. In kai kana jin sautin amma modem ya dage da NO DIALTONE, to sautin ƙasarku ne bai gane ba, domin an saita shi da na ƙasar da aka ƙera shi dominta. Duba ko direban yana da wurin zaɓen ƙasa a shafin Advanced. In babu, cire alamar Wait for dial tone before dialing, ko ka rubuta X3 a akwatin Extra initialization commands. Wannan yana sa shi ya buga lamba ba tare da jiran sautin ba. In tsohon layi ne da ba ya jin bugun sauti, koma Pulse, wato ATDP maimakon ATDT.

Duba ƙasar da Windows take zaton kana ciki. Kwamfutar da ta zo da saitin Amurka tana iya ƙara 011 da 234 a gaban lambar gida, ta mayar da kiran unguwa na ƙasa da ƙasa. Haka lambar gari, irin 064 na Kano da 062 na Kaduna a zamanin NITEL, takan shiga inda ba a buƙatarta. Cire alamar Use dialing rules, ka rubuta lambar daidai yadda za ka buga ta da yatsa. A ofis mai buƙatar 9 kafin fita waje, rubuta 9 da waƙafi sannan lambar. Kowane waƙafi jira ne na daƙiƙa biyu.

Maganar ofis ta kawo mu ga abin da nake so ka riƙe da hannu biyu. Wasu ofisoshi da otal-otal suna da na'urar raba layi ta dijital, raminta sak irin na gida, amma wutar da ke ciki tana iya ƙona modem. Na taɓa zuwa wani ofis na tarar an ƙona biyu a rami ɗaya cikin mako guda, ana shirin sayo na uku. In tarhon da ke kan teburin mai allo ne da maɓallai da yawa, kada ka jona sai ka tambaya. Nemi ramin da na'urar faks take, wannan na analog ne.

Akwai kuma layukan da tarho ke aiki a kansu lafiya amma ba a yi su don modem ba: akwatin da ake sa wa layin GSM ya ba da ramin tarho, da layin da ke bi ta intanet. Suna matse murya don rage nauyi, matsin kuma yana lalata sautin modem. A kan akwatin GSM kusan babu fata. A kan layin intanet wani lokaci akan samu in an rage gudu ƙwarai. Mai intanet ɗin ADSL a kan layin tarhonsa kuma sai ya sa matatar layi tsakanin bango da modem.

Ɗaya gefen

Modem ya buga, an ɗaga, sun yi ta kuka da juna, sai ya yanke da 678, ko ya haɗa ya faɗi bayan minti biyu. Nan gardamar tsakanin modem biyu ce. A 1997 tsarin 56k, wato gudun kilobit 56 a daƙiƙa, biyu ne ke gasa, x2 na USRobotics da K56flex na Rockwell da Lucent, kuma ba sa jin harshen juna. Hukumar ITU ta haɗa su a V.90 a 1998, V.92 ya biyo baya a 2000. Modem ɗin wancan tsakanin, in ba a sabunta manhajar cikinsa ba, ko dai ya sauko zuwa 33.6 ko ya yi ta ƙoƙarin abin da ɗayan bai sani ba har lokaci ya ƙare.

Maganin shi ne ka sauko da shi da kanka. A akwatin nan na Extra initialization commands rubuta +MS=V90 don kashe ƙarin abubuwan V.92. In bai yi ba, +MS=V34, wanda ke tsayar da shi a 33.6. A tsofaffin Rockwell +MS=11 ake rubutawa, USRobotics kuma suna da nasu umarnin a littafinsu. A kan layi mai hayaniya, 33.6 da ya tsaya daram ya fi 45 mai yankewa kowane lokaci sauri a aikace. In yana faɗuwa ne da ƙaramar ƙara, S10=50 yana ba shi haƙurin daƙiƙa biyar kafin ya ajiye. In kuma yana yankewa duk sanda wani ya kira ka, ka kashe jiran kira a layin.

Kada ka sa rai da cikakken 56. Sai ɗaya gefen yana kan layin dijital ake haura 33.6, saboda haka modem biyu na gida ba za su taɓa wuce wannan ba, ko da duka an rubuta 56k a jikinsu. In kuma Windows ta ce ka haɗu a 115,200, wannan gudun tsakanin kwamfuta da modem ne take nunawa, sau da yawa alamar direban ba ainihin nasa ba ne.

Da ka ga 691, ka yi hamdala: modem, direba da layi duk sun yi aikinsu, suna ko kalmar sirri ce aka ƙi. 720 kuma daga saitin TCP/IP na Windows yake. Goge haɗin ka ƙirƙiri sabo, in ya ci gaba ka sake saita TCP/IP. Waɗannan lambobi su ne dai masu modem ɗin USB mai cin layin SIM ke gani, domin ta ƙofa ɗaya Windows ke bi da su, sai dai can *99# ake bugawa.

A Linux, lspci -nn ko lsusb zai ba ka lambobin nan na maƙeri. COM1 shi ne /dev/ttyS0, cikakken na USB yakan fito a /dev/ttyACM0, wvdialconf kuma zai nemo shi da kansa, muddin kana cikin rukunin dialout. Winmodem kuwa direbobinsa na Linux yawancinsu sun tsufa, ba sa hawa sababbin kernel, gara ka nemi na waje.

Akwai dai modem ɗin da ya mutu da gaske, kuma a ƙasarmu damina ce ke yawan kashe shi. Tsawa tana biyo wayar tarho ta ƙona ɓangaren da ke haɗuwa da layi, ta bar sauran lafiya. Za ka ga yana amsa OK, Query Modem yana fitowa tsaf, amma ATH1 shiru, alhali tarho a igiya ɗaya yana jin sauti. Ko kuma da ka jona shi sai layin gidan duka ya mutu, masu kira su riƙa jin ana magana, ko da kwamfutar a kashe take. Wannan babu direba ko umarnin da zai tashe shi, sai sabo. Kuma in ka sa sabon, da hadari ya haɗo ka zare igiyar tarho daga bayansa, domin kashe kwamfuta kaɗai ba ya raba shi da layin.